Motar da Ba Ta Ɗaukar Buhun Gero

A daren Juma'ar da ta gabata, bayan sallar isha'i, muna zaune a fadarmu ta unguwar Zariya ana jiran shayi na biyu ya nuna, sai wani matashi daga cikinmu ya miƙo wayarsa ya ce mu ga abin da yake yawo a WhatsApp tun da safe. Hoton mota ne mai launin tagulla, kwance a ƙasa kamar bakin gatari: gaba siriri, baya ya ɗan ɗago, babu ƙofa ko ɗaya a gefenta, mutumin da yake tsaye kusa da ita kuma ya ninka ta tsawo. Wayar ta zaga hannu wajen goma kafin ta koma ga mai ita, kowa da abin da ya faɗa. Wani ya ce makara ce aka sa wa taya. Wani direba da yake jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tambaya tsakaninsa da Allah: "To, ina za a aza buhun gero?" Aka fashe da dariya. Wani ɗalibin jami'a ne kaɗai bai yi dariya ba, sai ya girgiza kai ya ce Turawa sun gama da duniya, tunda a 1970 suna ƙera irin wannan, mu kuwa har yau kura da amalanke muke fama da su.

Na koma gida da maganganun nan biyu a raina, ta direba da ta ɗalibi, kuma da na juya su sai na ga cewa duk da sun yi hannun riga da juna, gida ɗaya suke sauke mu. Mai dariya yana nufin abin ba shi da amfani, don haka a wuce. Mai girgiza kai yana nufin abin ya fi ƙarfinmu, don haka shi ma a wuce. Ni kuwa ina ganin akwai dalilin tsayawa, kuma dalilin ya fi shafar makanikai da masu walda na garin nan fiye da attajiran Turai masu tara tsofaffin motoci.

Sunan motar Lancia Stratos Zero. Kamfanin Bertone na birnin Turin a Italiya ne ya ƙera ta, aka nuna ta a baje kolin motoci na wannan birni a 1970, kuma wanda ya zana ta, Marcello Gandini, yana da shekara 32 a lokacin. Guda ɗaya tak aka yi. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi santimita 84, wato ba ta kai ƙugun babban mutum ba, tsawonta kuma mita uku da rabi da ɗan ɗori. Wanda zai shiga sai ya ɗaga gilashin gaba dungurungum kamar murfin akwati, ya taka hancin motar inda aka shimfiɗa baƙar roba domin ƙafa, a ture sitiyari gaba, sannan ya zura jikinsa ya kishingiɗa kusan a kwance, ƙafafunsa tsakanin tayoyin gaba. Injin yana bayan kujeru, ƙarƙashin wani murfi mai kusurwa uku. Abin da nake so ɗalibin nan ya lura da shi yana ƙarƙashin wannan murfi: injin ba sabo ba ne, ba kuma wani abin al'ajabi ba ne. An ciro shi ne daga wata motar Lancia Fulvia, mai silinda huɗu, lita 1.6, bai fi na ƙananan Toyota da muke gani kullum girma ba. Da hannu aka haɗa motar a cikin shago, ba a layin masana'anta ba. Ciro inji daga wannan mota a dasa wa waccan aiki ne da ake yi a kowane gareji na Maraɗi tun kafin a haife shi.

Direban ma dole a ba shi gaskiyarsa, kuma ba kaɗan ba. Motar da cikinta yake kusan shafar ƙasa ba za ta yi tafiyar minti biyar a cikin yashin unguwanninmu ba, balle ta bi hanyar ƙauye da damina. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, wanda ya kwanta ƙarƙashin wannan gilashi zai dahu tun kafin ya isa babbar kasuwa. Dattijo mai babbar riga ba zai iya shiga cikinta da mutuncinsa ba, mace mai zane da goyo kuwa ba a ma maganarta. Ko a Turai, direbanta da ƙyar yake ganin gefensa da bayansa. Duk wannan haka yake. Mutumin da abincinsa ya dogara ga yawan buhunan da motarsa ta ɗauka yana da hakkin ya auna kowace mota da wannan mudu.

Sai dai ba kowane abu ake aunawa da mudun kasuwa ba, kuma mu mutanen Maraɗi ya kamata mu riga kowa sanin haka, domin a nan Tarna muke da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN. Wanda ya taɓa shiga gonakin gwaji ya ga ƴan kunyoyi kaɗan da aka kafa wa alama, aka shuka wani irin gero ko wake da ba a saba da shi ba. Babu manomi mai hankali da zai tsaya a bakin waɗannan kunyoyi ya ce dami nawa za a ɗaure a nan, ko kuwa wannan zai ciyar da gida. Ba domin cika rumbu aka shuka su ba, domin a sani ne: wanne ne yake nuna da wuri, wanne yake jure fari, wanne tsutsa ba ta so. Mafi yawansu ba za su taɓa fita daga gonar gwaji ba, amma ɗayan da ya fita zai shiga dubban gonaki. Motar gwaji ma tamkar waɗannan kunyoyi take. Tambaya ce aka yi da ƙarfe da gilashi: har ina mota za ta iya yin ƙasa, mutum yana cikinta? Idan aka mayar da inji tsakiya aka tura direba gaba, yaya siffarta za ta koma? Wa ya ce dole ƙofa ta zauna a gefe?

Al'adar ba a Italiya ta faro ba. Masana tarihin mota sukan ɗauki Buick Y-Job ta 1938, wadda Harley Earl ya jagoranci zanawa a kamfanin General Motors na Amurka, a matsayin motar gwaji ta farko. Tana da fitilu masu ɓuya a cikin jiki da gilasan ƙofa masu hawa da sauka da lantarki, abin da a yau yaro ma ba ya mamakinsa a cikin tasi.

Shi kuwa Nuccio Bertone, mai kamfanin da ya ƙera Zero, ɗan kasuwa ne, kuma kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Lancia ta saba bai wa abokin hamayyarsa Pininfarina aikin zane, shi kuma yana neman ƙofar shiga. Labarin da ake bayarwa shi ne, da aka gayyace shi ya kawo motar ofishin Lancia, da kansa ya tuƙa ta, kuma da ya iso bakin ƙofa bai jira masu gadi sun ɗaga sandar shinge ba, ta ƙarƙashinta ya wuce. Abin da ya biyo baya kuwa a rubuce yake. Lancia, wadda Fiat ta saya a 1969, tana neman motar da za ta gaji Fulvia a tseren hanyoyin daji da duwatsu. Aka ba Bertone aikin, Gandini ya sake zama ya zana wata, a 1971 aka nuna Stratos HF mai ƙofofi biyu a gefe kamar kowace mota, daga baya aka ɗora mata injin Ferrari Dino mai silinda shida. Ba ta ɗauki komai daga jikin Zero ba sai suna da tunani: gajeriya, siffar bakin gatari, inji a tsakiya. Wannan mota ta ci kambun duniya na irin wannan tsere shekara uku a jere, 1974 da 1975 da 1976. Ashe makarar da aka sa wa taya ta haifi ɗa.

Kada kuma a ɗauka hannun Gandini bai san komai ba sai kayan ƙawa. Gaskiya ne shi ya zana Lamborghini Miura, shi ya fara gwada ƙofa mai ɗagawa sama kamar almakashi a jikin wata motar gwaji, Alfa Romeo Carabo, a 1968, kafin ƙofar ta koma jikin Lamborghini Countach. Amma shi ɗin dai ya zana Citroën BX ta 1982, motar iyali da aka ƙera fiye da miliyan biyu, ya kuma zana Renault 5 ta biyu, wadda talakan Faransa yake zuwa aiki da ita. Hannun da aka bari ya yi wasa da abin da ba a saba ba shi ne ya dawo ya gyara abin da aka saba. Ba kowane gwaji yake haihuwa ba, wannan ma gaskiya ne. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Ford ya nuna samfurin wata mota, Nucleon, da aka yi mafarkin za ta yi tafiya da makamashin nukiliya, kuma a samfurin ta tsaya har yau. Babu wanda ya ce saboda haka a daina gwaji.

Akwai wani zare da ya haɗa wannan hoto da tasoshinmu, wanda na tabbata da direban nan ya san shi da ya sassauta dariya. Fijo 404 da Fijo 504, waɗanda suka yi shekaru suna ɗaukar fasinja da kaya tsakanin Maraɗi da Damagaram, Maraɗi da Katsina, Maraɗi da Yamai, a Turin aka zana jikinsu, a gidan Pininfarina. An fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, daga 1975 kuma aka shiga haɗa Fijo a Kaduna. Shekara biyu bayan fitowar 504, gidan nan na Pininfarina ya kai wata mota baje kolin Jeneba, Ferrari Modulo, wadda ta yi kama da faifai biyu da aka kifa, tsayinta bai kai mita ɗaya ba, kuma rufinta ake turawa gaba kafin a shiga. Ita ma guda ɗaya aka yi. Gida ɗaya, zamani ɗaya: ga motar da ta ɗauki buhun gero na shekara talatin, ga kuma wadda ba za ta ɗauki ko tiya ɗaya ba. Mutanen gidan ba su ga saɓani a tsakani ba, domin sun san ɗaya tana wasa wuƙar da ake yanka ɗayar da ita.

Har ila yau, a 1975 Fijo 504 da Stratos HF sun haɗu a ƙasar Afirka, a tseren Safari na Kenya. Stratos biyu suka zo na biyu da na uku, wadda ta zo ta ɗaya kuwa Fijo 504 ce, Ove Andersson yana tuƙi. Ina son wannan labari domin yana da amsa ga kowane ɓangare na fadarmu. Ga ɗalibi, yana nuna cewa abin da ya ƙayatar a Turai ba lallai ya fi ba idan aka zo ƙasar laka da ƙura. Ga direba, yana nuna cewa zuriyar motar da ya raina ta bi bayan Fijo ɗinsa a kan hanyar Afirka har ta kusa kamo ta.

Kwana biyu bayan hirar fada, na kai babur ɗina gyara kusa da garejin wani tsohon makanike da muka daɗe da sani, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Fijo har gashinsa ya yi fari. Na gaishe shi na ce, "Baba, ga wata mota ina so ka duba mini." Ya goge hannu da tsumma, ya ɗauko tabarau daga aljihu, ya karɓi wayar da hannu biyu. Bai yi dariya ba, bai kuma girgiza kai ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ƙara mini girman wurin nan." Na ƙara. Ya daɗe yana kallon murfin injin da tsage-tsagen da aka yi masa, sannan ya ce, "Nan zahi yake hita. To, ta ina iska take shiga?" Muka nemo wani hoton da ya nuna gefenta, ya sa farce a kan ramin da ke bayan ɗan gilashin gefe, ya gyaɗa kai. Da na gaya masa tsayinta, sai ya kira yaron shagonsa ya kawo ma'auni, ya je jikin wata tsohuwar 504 da take jiran gyara, ya auna santimita 84 daga ƙasa, ya ja layi da alli a jikin ƙofa. Layin bai kai gindin gilashi ba. Ya tsaya yana kallon layin, ya ce, "Mutum biyu da inji da tanki, duk ƙasa da wanga layi. Malam, wanda ya yi wanga aiki ya kwana bai yi barci ba." Ya ƙara da cewa ba za ta je Dakwaro ba, amma zai so a ba shi yini guda da ita ya ga yadda aka bi da sandar sitiyari har take lanƙwasawa.

Wannan shi ne kallon da nake so mu koya. Ya ga aibinta kafin kowa, domin ya fi kowa sanin hanyar Dakwaro, amma aibin bai hana shi tambaya ba.

Garin nan cike yake da irin wannan hannu. Masu walda suna ƙara wa motar kaya ganyen sifirin har ta ɗauki ninkin abin da masu ita suka rubuta. Maƙera suna narka tsohon inji su zuba tukunya. Akwai masu dasa wa wata mota injin wata, masu mayar da injin babur ya ja ruwa a lambu, masu sassaƙa ƙarfen da ya ƙare a kasuwa su fitar da irinsa. A fannin gyara da raya abin da ya mutu, ban ga wanda zai nuna mana yatsa ba. Inda muka yi rauni shi ne wurin da babu mai mota yana tsaye yana jira, wato aikin da mutum zai yi domin kawai ya ga ko zai yiwu. Makanike yana cin abinci ne daga motar da aka kawo da safe aka ɗauka da yamma. Ranar da ya ɓata kan abin da babu wanda ya yi oda, ranar tukunya ba ta hau wuta ba. Idan kuma ya daure ya yi, tambayar farko da zai ji daga maƙwabta ita ce, "Wa ya sa ka?" Ta biyu kuma, "Nawa za a saya?"

Tun daga ƙuruciya ake fara kashe abin. Wanda ya tashi a garin nan ya san motar kara: a fere karan dawa, a soke da tsinke, a yanka tsohon silifa a yi taya. Daga nan a koma motar waya da ta gwangwanin madara, mai doguwar sanda da ake juya tayoyin gaba da ita. Akwai wani yaro a gidanmu, ɗan ƙanin mahaifina, da ya wuce sa'o'insa a wannan fanni. Bai tsaya ga kwaikwayon motocin tasha ba, nasa yake ƙirƙira. Na tuna wata da ya yi mai taya shida, wadda tsakiyarta take karyewa biyu idan ta hau tudu, ya sa mata ɗan injin rediyo da batir har tana tafiya da kanta a tsakar gida. Ya kai ta makaranta domin ya nuna, wani malami ya karɓe ta ya ce aikin banza ne da yake hana karatu, ya taka ta a gaban aji. Ba na zargin malamin da mugunta, yadda aka tarbiyyantar da shi ya yi. Amma na ga fuskar yaron da ya dawo gida riƙe da tayoyi shida a aljihu, kuma ban sake ganin ya ƙera komai ba. Yau yana sayar da kayan gyaran babur, yana rufa wa kansa asiri, alhamdu lillahi. Duk lokacin da na ji dariya irin ta daren Juma'a, wannan fuska nake tunawa.

Ga wanda yake ganin zanen mota baiwa ce da aka keɓe wa Turawa, Sakkwato ba ta da nisa da mu. Jelani Aliyu a can ya tashi, yana zanen motoci tun yana yaro. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kabi, gwamnatin jihar Sakkwato ta ɗauki nauyin karatunsa zuwa makarantar zane ta birnin Detroit, General Motors ta ɗauke shi aiki, kuma shi ya zana jikin motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Da aka zo ƙera ta domin kasuwa a 2010 an sauya siffarta sosai, saboda gwaji ya nuna ta farkon ba ta ratsa iska yadda ake so, kuma wannan ma yana cikin aikin motar gwaji: ta nuna kuskure tun ana iya gyara shi da araha. Bambancin da ke tsakaninsa da yaron gidanmu, a iya ganina, shi ne an samu waɗanda suka ɗauki zanensa da muhimmanci suka zuba kuɗi a kansa. A Yuganda, ɗalibai da malaman jami'ar Makerere sun ƙera wata ƴar ƙaramar mota mai lantarki, Kiira EV, mai kujeru biyu, a 2011. Ita ma ba ta ɗaukar buhu. Daga cikinta aka samu kamfanin Kiira Motors, wanda yake ƙera motocin safa masu suna Kayoola. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya fara ne da cire injin mai daga ƙananan motocin haya yana sa musu batir.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. Za a ce ƙasar da take fama da tsadar hatsi, da rashin tsaro a kan iyaka, da yara masu tamowa a asibiti, ba ta da lokacin motar da ba ta zuwa ko'ina. Idan ana nufin kada a ɗebi kuɗin magani a ƙera abin kallo, ina tare da mai wannan magana ɗari bisa ɗari. Amma talauci bai taɓa zama dalilin rufe gonar gwaji ta Tarna ba, shi ne ma dalilin buɗe ta. Mu da kusan duk abin hawanmu wani ne ya zana shi domin hanyarsa da yanayinsa, ya more shi shekara goma sha biyar, sannan aka loda mana shi a jirgin ruwa, mu ne muka fi kowa bukatar mu yi wa mota tambayoyinmu. Har yanzu amsar tambayar wasu muke saya, mu kawo ta gida mu yi ta ƙara mata sifirin.

Wani a fadar ya ce ya ji an sayar da motar da kuɗi masu yawa, kuma gaskiya ne: a 2011 an yi gwanjonta a Italiya a kan Yuro 761,600, wato kusan sefa miliyan 500. Da aka ji adadin sai dariya ta ragu, har wanda ya kira ta makara ya sake karɓar wayar ya duba. Wannan ya dame ni fiye da dariyar. Motar ba ta sauya ba tsakanin minti ɗaya da na biyu, farashi kawai aka ambata. Kuɗin nan na masu tara kayan tarihi ne, ya zo ne bayan shekara 41, kuma an sayar da ita ne a lokacin da gidan Bertone yake cikin matsin kuɗi, kafin ya durƙushe a 2014. Gandini kansa ya rasu a watan Maris na 2024. Amfanin Zero ya riga ya fito tun ranar da ta sa mutanen Lancia suka tashi daga kujerunsu suka leƙo ta taga. Idan sai an faɗa mana farashi muke girmama tunani, to tunanin ɗan gida ba zai taɓa samun girma a wurinmu ba, domin ranar da aka haife shi ba shi da farashi.

Motar gwajin Maraɗi, idan Allah ya sa aka yi ta, ba za ta yi kama da bakin gatari ba. Tambayoyinmu daban ne. Yaya abin hawa zai ratsa yashin da ke tsakanin ƙauye da kwalta ba tare da ya sha mai kamar babbar mota ba? Yaya za a kai mace mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da amalanke kaɗai yake shiga, ba tare da an girgiza ta ba? Rana da take dukan rufin mota tun hantsi har la'asar, ba za a iya sa ta cika batir ba? Wane irin mataci ne zai jure ƙurar hunturu, kuma makaniken ƙauye ya iya wanke shi ya mayar? Amsar farko ga kowace daga cikinsu za ta fito da muni, za ta tsaya a hanya, za a yi mata dariya a fada. Haka ake farawa, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ake bukata ba masana'anta ba ce tukuna. Muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, muna da garejoji a kowace unguwa, kuma muna da alhazan da sunansu ya kai ko'ina a fatauci, waɗanda suka gina masallatai da makarantu da rijiyoyi, Allah ya saka musu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a ƙarƙashin rumfa ɗaya: ɗalibi mai lissafi, makanike mai hannu, da mai kuɗin da zai ce ga ƙarfe, ga walda, ga abincin wata shida, ku yi abin da kuke gani, ko bai yi tafiya ba ba zan bi ku bashi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma shi Bertone ya cika wa Gandini.

Kafin in bar garejin ranar nan, tsohon ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan shago, ƙarƙashin wani dogon yaro, inda aka ɗaure akuya a jikin wani ƙarfe mai tsatsa da na sha gani ban taɓa tambaya ba. Ya kwance akuyar, ya share ganye da ƙafa. Firam ne mai taya uku, biyu a baya masu faɗi, ɗaya a gaba, da mazaunin injin babur a tsakiya, da gadon kaya mai sauka ƙasa domin a mirgina buhu a kai maimakon a ɗaga. Ya ce ya fara shi ne shekarun baya saboda masu kawo kayan lambu daga bakin Gulbi, waɗanda yashi yake riƙe wa amalanke. Ya nuna mini inda ya yi kuskure a wurin haɗa sarƙa, da yadda yake ganin za a gyara. Na ce, "Baba, me ya hana a ƙarasa?" Ya ce aure ya taso na ƴarsa, daga nan kuma abu ya bi abu. Na tambaye shi abin da zai ci a kammala, ya ɗaga kai ya yi lissafi da yatsu, ya faɗi adadin da bai kai kuɗin sabon babur biyu ba. Sannan aka kira shi daga gaba, an kawo wata Hiace da birkinta ya ƙi kamawa, ya mayar da igiyar akuyar inda take ya tafi.